Murya Ta Mawaƙi Ce, Amma Waƙar Ta Wa Ce?



Kwanakin baya, bayan an tashi daga zaman fada, muna tattara takardu a zauren Maigida, sai gardama ta kaure tsakanin samarin da ke zama a bakin ƙofa. Can sai ɗayansu ya matso, ya durƙusa, ya miƙo mana waya ya ce, "Baba Magatakarda, ku ne kuka saba da alƙalami, don Allah a duba mana wannan lissafi. Wai mace ɗaya ta tara dala biliyan biyu da waƙa." Muka sa tabarau muka duba, muka ce masa lissafin daidai ne. Nan take suka rabu gida biyu. Wasu suka ce ai baiwa ce, wanda Allah ya ba ba mai hana shi. Wasu suka ce ɓarnar dukiya ce ta mutanen da suka rasa abin yi da kuɗi. Mu dai muka yi shiru, domin mun ga kowane ɓangare ya kama jelar maganar ya saki kanta. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu rubuta.

Mawaƙiyar da ake magana a kai ita ce Taylor Swift, 'yar Amurka, haifaffiyar shekarar 1989. Yawon da ta yi kuwa ta raɗa masa suna Eras Tour, wato yawon zamunna, saboda a kowane dare tana bin kundayen waƙoƙinta zamani bayan zamani, tun daga ƙuruciya har zuwa lokacin yawon. Ta fara ranar 17 ga Maris 2023 a Glendale ta jihar Arizona, ta rufe ranar 8 ga Disamba 2024 a Vancouver ta Kanada. A tsakani ta yi wasa sau 149 a ƙasashe 21, kowane dare sama da sa'o'i uku, waƙoƙi fiye da 40. A filin Wembley na Landan kaɗai dare takwas ta yi. Waɗanda suka sayi tikiti sun haura miliyan 10, kuɗin tikitin kuma ya zarce dala biliyan 2. Kafin ta, wanda ya riƙe kambun shi ne Elton John na Ingila, da kusan dala miliyan 939, shi kuwa sai da ya yi wasa fiye da sau 300 cikin shekara biyar.

Don abin ya zauna a ido, mu kawo shi gida. Filin Baba Yara na nan Kumasi yana ɗaukar mutum wajen 40,000. Sai an cika shi maƙil fiye da sau 250 kafin a kamo yawan jama'ar da suka je kallonta. Ƙidayar 2021 ta ce mutanen Gana sun kusa miliyan 31, wato ke nan kamar a ce kashi ɗaya cikin uku na ƙasar nan, tsofaffi da jarirai, kowa ya yanki tikiti. Idan kuma aka raba kuɗin kan mutanen, kowane tikiti ya tashi a kan dala 200 da 'yan kai.

To, ruwa ba ya tsami banza. Masu murya mai daɗi sun cika duniya, a zangon nan ma akwai waɗanda idan suka buɗe baki sai tsigar jiki ta tashi, amma ba su da na cefanen gobe. Saboda haka tambayar da ta dame mu ita ce: me ya sa kuɗin ya taru, kuma me ya sa ya taru a hannun mai waƙar, maimakon hannun wani? Amsar tana cikin wani labari da samarinmu ba su kula da shi ba, saboda babu kiɗa a cikinsa, labarin takarda ne.

Tana da shekara 15, a 2005, ta sa hannu a yarjejeniya da wani ƙaramin kamfanin faifai na birnin Nashville mai suna Big Machine. Ta yi musu kundi shida. A tsarin dokar mallakar fasaha, kowace waƙa tana da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin baiti da karin waƙa, wannan na wanda ya tsara ta ne. Akwai kuma haƙƙin ainihin naɗin da aka yi a sutudiyo, wanda za mu iya kira uwar faifai, domin daga gare ta ake haifar duk wani kwafe da ake sayarwa ko ake sawa a rediyo, ko a fim, ko a waya. Baitocin nata ne, tunda da hannunta aka rubuta su, amma uwar faifai ta kamfani ce, haka takarda ta ce. A 2019 aka sayar da kamfanin ga wani ɗan kasuwar waƙa mai suna Scooter Braun kan kuɗi wajen dala miliyan 300, muryarta ta shekara goma sha wani abu ta bi ciniki kamar yadda rijiya kan bi gida idan an sayar. Shekara ta zagayo aka sake sayar da naɗe-naɗen ga wani kamfanin zuba jari, Shamrock. Ta fito ta yi kuka, duniya ta ji, amma kuka ba ya goge sa hannu.

Abin da ta yi bayan kukan shi ne darasin. Ta duba ta ga ƙofar da doka ta bar mata: tunda baiti da kari nata ne, tana da ikon sake rera su. Sai ta koma sutudiyo ta sake naɗar tsofaffin kundayen ɗaya bayan ɗaya, biyu a 2021, biyu a 2023, ta roƙi masoyanta su riƙa sauraron sabon naɗi su bar tsohon. Suka kuwa amsa. Tun a 2018, da ta koma wani kamfani, ta kafa sharaɗin cewa duk abin da za ta naɗa nan gaba ita ce mai shi. Shi kansa yawon zamunnan a kan wannan harsashi aka gina shi, domin kowane dare talla ne ga dukan waƙoƙinta, tsoho da sabo. Da aka ɗauki wasan a fim a 2023, ba ta bi ta hannun manyan kamfanonin fim ba, kai tsaye ta ƙulla da masu gidajen sinima na AMC, fim ɗin ya kawo sama da dala miliyan 260. A ƙarshe, a watan Mayu na 2025, ta sanar cewa ta saye uwayen faifan nan shida, sun dawo hannunta. Shekara 20 cur tsakanin sa hannun yarinta da fansar abin da aka sa wa hannu.

Mu da aikinmu ya zama riƙon takardun jama'a, wannan labari bai yi mana baƙunci ba. Sau nawa aka zo zauren nan da rikicin gida ko fili, kakanni sun karɓa da baki, an yi addu'a, an raba goro, shaidu duka sun riga mu gidan gaskiya, jikoki kuma sun tsaya hannu rabbana gaban mai riƙe da takarda? Mun koya tun muna gaban malamanmu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, can ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma mu ne kan gaba wajen jin kunyar cewa "a rubuta", wai kada a ce ba mu yarda da ɗan'uwa ba.

Kada mai karatu ya zaci yabo muka zo yi. Wannan yawo yana da duhunsa, kuma adalci ne a faɗa. Tun ranar da aka buɗe sayar da tikiti a Amurka, cikin Nuwamba 2022, shafin kamfanin Ticketmaster ya cushe, mutane suka wuni a layin intanet suka tashi a tutar babu, 'yan baranda kuma suka kwashi tikiti suka riƙa sayarwa ninkin-ba-ninkin. Abin ya kai har Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kansa a Janairu 2023, kuma a Mayu 2024 gwamnatin ƙasar ta maka uwar kamfanin, Live Nation, a kotu kan zargin danne kasuwa. A Rio de Janeiro ta Birazil, cikin Nuwamba 2023, wata budurwa mai shekara 23 ta rasu saboda tsananin zafi a filin wasan, sai bayan rasuwarta hukuma ta wajabta samar da ruwan sha kyauta a irin waɗannan taruka. A babban birnin Ostiriya an soke dare uku a Agusta 2024 bayan an bankaɗo shirin kai hari. Dala biliyan biyun nan kuma ba daga sama ta faɗo ba. Daga aljihun 'yan makaranta da iyayensu da ƙananan ma'aikata ta fito, kuma duk wanda ya san halin ɗan Adam ya san cikinsu akwai wanda ya ci bashi don dare ɗaya. Masu cewa akwai almubazzaranci a ciki ba su yi ƙarya ba.

Akwai kuma abin da ya faru a Singafo, wanda ya nuna cewa abin ya wuce nishaɗi ya zama siyasar kasuwa. Gwamnatin ƙasar ta ba da tallafin kuɗi bisa sharaɗin cewa a duk kudu maso gabashin Asiya, a can kaɗai za a yi wasan. Aka yi dare shida a Maris 2024. Firaministan Tailan na lokacin ya fito da maganar fili, wani ɗan majalisa a Filifin ya yi ƙorafi, shugaban gwamnatin Singafo kuma ya amsa cewa an yi yarjejeniyar, bai ga laifinta ba. Lissafinsu a bayyane yake: baƙo zai hau jirgi, ya kama otal, ya ci abinci, ya yi tsaraba. Ƙasa guda ta zauna ta auna waƙa da ma'aunin da ake auna koko da zinariya.

Nahiya biyar aka taka, ba a taka Afirka ba. Wasu samarinmu sun ɗauki wannan a matsayin raini. Mu a ganinmu lissafi ne tsagwaronsa, kuma lissafi ba ya jin kunyar kowa. Mutum nawa ne a Kumasi ko Tamale za su fitar da dala 200 don zaman sa'o'i uku, har a cika fili dare uku a jere? Hujjar tana wajen 'yan nahiyarmu da kansu. A Yuni 2023 Burna Boy na Najeriya ya cika filin wasa na London Stadium, kusan wata biyu bayan haka Wizkid ya yi nasa a filin Tottenham. Kiɗan daga Legas ya taso, amma inda tikiti ke da tsada can aka kai shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu mu juyo gida, domin a nan ne maganar ta shafe mu. A al'adarmu mawaƙi yana da ubangida. Makaɗin fada yana da sarkinsa, makaɗin noma yana da manomansa, na maza yana da 'yan dambensa. Ya yi waƙa, a yi masa kyauta: riga, doki, hatsi, daga baya mota da kujerar Makka. Ba mu raina wannan tsari ba, domin shi ya raini su Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, kuma akwai mutunci da zumunci a cikinsa wanda tikiti ba zai taɓa sayowa ba. Sai dai tsarin ya ginu ne a kan abu guda: in kana son waƙa, dole mawaƙi ya zo da kansa, da makaɗansa da 'yan amshinsa. Waƙa ba ta tafiya sai da mai ita.

Faifan garmaho ya fara tsinke wannan igiya, kaset ya ƙara, waya ta ƙarasa. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya a 2015, amma ko yau ka ratsa tasha ko rumfar mai shayi a zangon nan za ka ji muryarsu. Waƙa yanzu tana tafiya ba tare da mai ita ba, tana kwana inda bai taɓa zuwa ba, tana kuma haihuwar kuɗi a intanet duk lokacin da aka taɓa ta. Ta zama kadara kamar gona. Kadara kuwa in ba ta da shinge, ta mai ƙarfin hali ce.

Mun ga haka da idonmu. Shekarun baya wata dattijuwa ta zo gaban Maigida, mijinta makaɗin biki ne da ya yi tashe a unguwannin nan kafin ya rasu. Ta ce jikanta ya nuna mata muryar Malam a waya, dubban mutane sun saurara, wani ne can ya ɗora da sunan shagonsa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba rigima na zo yi ba. Ina so in sani ne, muryar nan gado ce ko ba gado ba ce?" Aka juyo gare mu aka ce a duba ko akwai wani abu a rubuce. Babu. An ɗauki waƙar a kaset wata rana a gidan suna, an ba shi abin goro, shi ke nan. Maigida ya sa aka kira mutumin, aka yi sulhu, ya ba da abin da ya sawwaƙa. Ta yi godiya ta tafi. Amma tambayarta ba ta tafi ba, tana nan zaune a zauren har yau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya ce shi ba ruwansa da kiɗa, saboda haka maganar ba ta shafe shi ba, muna girmama ra'ayinsa, amma ya sake dubawa. Masu begen Manzon Allah, masu waƙoƙin wa'azi, malaman da ake naɗar karatunsu a watan azumi, duk a jirgi ɗaya suke da makaɗin kalangu ta wannan fuska. Wa ke da naɗin? Wa ke da ikon yankewa ya haɗa da abin da malam bai faɗa ba? Wa zai hana a sa tallar abin da malam ya haramta a tsakiyar karatunsa? Ko wanda ya yi don Allah, bai nemi ko sisi ba, yana bukatar a san nasa ne, don a kare shi daga canji da ƙari. Mu tuna da Alhaji Umaru na Karaci, malamin da ya taso daga Kano, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete Karaci a 1934. Waƙoƙinsa na Hausa da na Larabci sun iso gare mu da sunansa saboda an rubuta, almajirai sun kwafa, daga baya masu bincike na Jami'ar Gana da ke Legon suka tattara kwafe-kwafen suka adana. Mawaƙa nawa ne na zamaninsa, waɗanda watakila sun fi shi zaƙin murya, suka shuɗe ko sunansu ba a riƙe ba?

Za a ce mana, kuma da gaskiya, ina aka haɗa 'yar Amurka da yaron zango? Mahaifinta dillalin hannun jari ne, ta tashi cikin wadata, tana da lauyoyi, tana ƙasar da kotu ke sauraron ƙarar waƙa, tana da masoya masu kuɗin saye. Yaronmu kuwa sau da yawa shi ke roƙon mai sutudiyo ya naɗe shi bashi. Mun yarda. Amma a juya maganar a gani. Idan mai duk wannan gata ta yi shekara 20 kafin ta fanshi abin da ta sa wa hannu tana yarinya, ina ga wanda ba shi da kowa, kuma bai ma sa hannu a komai ba? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba mu ce yaranmu za su tara biliyan ba. Cewa muka yi ɗan abin da waƙarsu za ta haifa, ko sidi ɗari ne, ya san hanyar gidansu.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Duk yaron da zai shiga sutudiyo, kafin a kunna na'ura a rubuta, ko a takardar makaranta ce: wa ya tsara baiti, wa ya yi kiɗa, wa ya biya kuɗin naɗi, uwar faifai ta wa ce, in kuɗi ya shigo yaya za a raba. A sa hannu, a kafa shaidu biyu. Fadojin sarakunan zango su karɓi kwafe su ajiye, kamar yadda muke ajiye takardun aure da na gida, mu kam alƙalaminmu a shirye yake. Ƙasar nan tana da dokar mallakar fasaha ta 2005, akwai kuma ƙungiyar GHAMRO da aka ɗora wa karɓo wa mawaƙa haƙƙinsu daga masu amfani da waƙa. Ko an ce abin da ake samu kaɗan ne, wanda bai yi rajista ba ko kaɗan ɗin ba zai gani ba. Iyalan tsofaffin makaɗa da masu bege kuma su tattara kaset-kaset ɗin da ke cikin adaka tun kafin danshi ya cinye su, a mayar da su na'ura, a rubuta suna da shekara da wurin da aka yi.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi burge mu a dukan labarin, fiye da biliyan biyun. Mujallar People ta Amurka ta ruwaito cewa mawaƙiyar ta raba wa ma'aikatan yawon kyautar dala miliyan 197 bayan albashinsu, kuma tun a 2023 an ba da labarin cewa kowane direban tirela da ke jigilar kayan dandamali ya samu dala 100,000. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan kowace murya akwai makaɗi, akwai ɗan amshi, akwai mai ɗaukar kaya da mai haɗa waya. A bukukuwanmu mun sha ganin an yi wa mawaƙi liƙi har ƙasa ta rufe, a watse, yaron da ya wuni yana dukan ganga ya koma gida da kuɗin mota kawai. Wanda yake neman a kiyaye masa haƙƙinsa daga na sama da shi, ya fara kiyaye na wanda ke ƙasa da shi, in ba haka ba shi ma gardi ne, kurarsa ce dai ƙarama.

Da muka gama yi wa samarin nan bayani a bakin ƙofa, wanda ya miƙo wayar ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, ni fa akwai waƙoƙi uku da na yi bara, suna wajen mai sutudiyo." Muka tambaye shi ko an rubuta wani abu. Ya sunkuyar da kai. Muka ce ya je ya gaishe shi da ladabi, ya gayyato shi zaure ranar Asabar bayan la'asar, mu za mu tanadi takarda da shaidu.

Allah ya sa mu dace, ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Wassalam.